Asusun Goggo Tasalla

Ruwan Agusta ya ci katangar ɗakin Goggo Tasalla,
shekara tara bayan mun kai ta makwanci.
Muna kwashe ƙasa, ni da Ɗanjummai,
sai bakin fartanya ya ce ƙwas.
Asusu ne na yumɓu, ya dare biyu,
abin cikinsa ya zube, bai ma yi ƙara ba.

Kwabo mai huji, goma sha ɗaya.
Anini bakwai, sun yi kore kamar gansakuka.
Sisi biyu, taro guda,
da wani sule da ya sha hannu
har kan da ke jikinsa ya shafe,
ba ka cewa ga hanci ga kunne.

Yaron ya ɗaga ɗaya, ya leƙo ni ta hujin:
"Kawu, maɓallin rigar wa ne?"
Na ce kuɗi ne.
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
Shi da jiya ya rantse wa uwarsa ba shi da ko sisi,
yau ga sisi a tafinsa, bai gane shi ba.

Malam Ilu na firamare ya taɓa gaya mana
sunayen nan yawanci na Bature ne,
jirgin ƙasa ya sauke su tare da sikelin gyaɗa,
bakinmu ya tauna su kamar goro
har suka yi ja irin namu.
Goggo ta ji, ta ce ƙarya yake:
"Sule dai ɗan Hanne ne, a gabana aka yanka ragonsa,
kuma ko a sulen bai cika ba."

Daddawa take kaiwa Gujungu ran kasuwa,
kuɗinta a ƙulle a gefen zane, ƙulli uku.
In ka taya ta da wasa, ta ce ko anini ba ta ragewa.
In saurayi ya cika baki a dandali,
ta ce ku bar shi, duka-dukansa bai kai taro ba.
Ɗari a bakinta rabin kwabo ne,
har ta mutu tana tsokanar mai shago
wai yaya ashana za ta kai ɗari,
alhali ita da ɗari ta sha fura har ta rage.

Ran da Barau ya dawo daga bariki
da anini biyu a kafaɗa, gari ya fito kallo.
Ta shafa su da yatsa, ta dube shi:
"Shekara goma sha biyu, ɗan nan,
abin da suka ba ka ke nan?
Ni kam a wuni ɗaya ban taɓa kawo wannan gida ba."

Na zauna kan turmi na yi lissafin da bakinta:
sule uku da kwabo biyu,
sai aninan da ba su cika kwabo ba.
Me take tarawa?
Tasa ce ta gani a rumfar Na-Ringim?
Ko na gugar likkafani ne, ko adashen da ya watse?
Aka canja kuɗi, ta manta, ko ta ƙi.
Waɗanda za a tambaya duk suna gabas da gari,
ba kuwa masu amsawa ba ne.

Ɗanjummai ya kwasa ya ruga wurin Sabi'u mai cajin waya,
ya dawo yana hura hanci:
an ce ko alawa ɗaya ba za su saya ba.
Na ce me ka ce masa?
Ya ce, "Na ce shagon nasa ma bai kai kwabo ba."

Muryarta ce sak, har da murguɗa bakin.

Na zare igiya daga tsohon buhu,
na shiga zura masu hujin ɗaya bayan ɗaya.
Sisin da taron ba su da ƙofa,
na zuba su a aljihu.
Hadari ya sake haɗowa ta wajen Taura,
ga rabin katanga ba mu kwashe ba.